Rokar da Ta Rufa wa Kawu Asiri

Jama'a, tarihi ya shaida: jiya a wani fili kusa da Arfa, na danna maɓallin rokar da na ɗaura wa ƙaramin jirgina mai rimot. Shiru.

Na sake dannawa cikin natsuwar manyan masana. Ko hayaƙi babu.

Sai Kawu Sale, wanda ya shekara ashirin a Makka ba iƙama, wato takardar izinin zama, ya leƙo daga bayan mota.

Na ce, "Kawu, dakata! Idan roka ta ƙi kamawa, ana jiran minti guda kafin a kusance ta."

Ya ce, "Ya waladi, a jira shekara ma! In ta yi ƙara shurɗa, 'yan sandan ƙasar nan, suka zo, ni za a sa a jirgi, na gaske, sai Kano."

To, masana, wannan gazawar inji ce ko rahama?