Laraba Zan Kira Ka, Malam

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ƙwayar maganina tana tafin hannuna ban kai ga sha ba, aka bugo min waya wai Sa'idu ya rasu. Motar da ya shiga jiya daga Haɗejiya zuwa Kano ce ta yi hatsari.

Na ce ƙarya ne. Jiya jiyan nan fa ya ɗebi jinina!

Ga wanda bai san shi ba, Sa'idu ɗalibina ne tun a firamare a Auyo, ya girma ya zama ma'aikacin lab, ɗakin awon jini, a Kano. Ni kuma shekara uku ke nan ina fama da kansar jini. Kullum sai na sha wata ƙwaya mai toshe sinadarin da ke sa cutar hayayyafa.

Aikin Sa'idu shi ne auna yawan maganin nan a jinin mutum. Yakan juya jinin a inji har ruwansa ya taso sama, filasma suke ce masa, ya saka shi cikin kula mai ƙanƙara ya wuce da shi Kano. Can akwai wata na'ura, wai kuromatogirafi, na ce masa riƙe sunanka. Takan tura ruwan ta siririn bututu, abin da ke ciki ya riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, maganin ya bayyana a kwamfuta kamar ɗan tsauni. Tsayin tsaunin shi ne yawansa.

Da ita ya kama ni.

Daminar da ruwa ya cinye mana hanya, na ga ƙwayoyina sun kusa ƙarewa, sai na fara tattali: yau in sha, gobe in tsallake. Ko matata ban gaya wa ba. Sati biyu da ɗibar jinina sai ga shi a kwalekwale, wando a naɗe.

"Malam, tsauninka ya kwanta. Magani ba shinkafar rumbu ba ce da za ka yi ta tattali."

Na hau shi da faɗa, ni da na koya maka abacada? Ya sunkuyar da kai har na gaji, sannan ya ciro ƙwayoyin wata guda da ya karɓo min a asibiti.

Kwanan nan jikin ya sake juyawa, ga kasala, ga gefen ciki a kumbure. Likita ya ce ɗayan biyu ne. Ko maganin ne ba ya isa jinin, sai a ƙara, ko kuma cutar ce ta daina jin sa, sai a nemi wani, wanda ba na jin irina zai samu. Awon Sa'idu ne zai raba gardama.

Awon nan ne ya kawo shi wajena jiya da sassafe, don sai kafin a sha na ranar ake ɗiba.

"Malam, ba ka sha ba dai ko?"

Na ce kai ka fiye tuhuma. Ya yi dariya, ya danna min auduga. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Laraba zan kira ka. Ko mene ne ya fito, ni zan gaya maka da bakina."

An ce an tsinci kular a gefen titi, a fashe. Na kira abokin aikinsa, cikin kuka ya ce awon nan Sa'idu kaɗai ya iya haɗa shi a wajensu.

Wallahi kunya nake ji. Ya bar mata da 'ya'ya biyu ƙanana, ni kuwa tsoho ina ta tunanin jinina. Amma tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Ƙwayar dai na sha, don na san da yana nan zai yi faɗa. Ko tana aiki, ban sani ba, ban kuma ga wanda zai gaya min ba.

Allah Ka jiƙan Sa'idu, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka raya abin da ya bari. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. In kun gama ku ɗan sako ni a ciki, domin Larabar nan ba mai kira na.