Karas Mai Launin Lalle

A ƙauyenmu na bayan Bunkure, lokacin cirar karas ne gida ya fi cika. Maza su wuni a bakin magudanar ruwa suna wanki da ɗauri, da magariba a shigo mana da karyayyun da ba za su shiga kasuwa ba. Mu yara mu kewaye murhun Iya, kakata ta wajen uba, muna gurgura, ita kuwa tana tura karan dawa cikin wuta. Ba ta taɓa cin karas a gabanmu ba. Ta ce haƙora ne, muka yarda.

Akwai tatsuniyar da ba ta yi sai mun matsa mata. Takan sassauta murya ta ce da can karas fari ne, siriri kamar ɗan yatsa, ga ɗaci, a jeji yake fita, ko akuya ba ta kula shi. Wata mata ce ta tono guda mai ɗan zaƙi-zaƙi, ta mai da shi ƙasa a bayan ɗakinta har ya yi fure ya ba da iri. Duk shekara haka take yi: masu kauri da zaƙi ba a ci, a bar su su yi 'ya'ya. Sannu a hankali ɗacin ya tafi.

Sai aka yi shekarar yunwa. Rumbuna suka ƙare, saura ɗan fegin irin nan. Ƙaramar 'yarta ta yi ta roƙo a tono mata. Uwar ta ce ta yi haƙuri iri ya nuna tukuna, in an cinye bana babu abin shukawa baɗi. Ta ƙunsa mata lalle don ta ɗauke mata hankali daga cikinta. Kafin irin ya bushe yarinyar ta rasu, lallen bai ko koɗe ba.

"Da ta shuka irin nan ta zo cira," in ji Iya, "sai ga shi ja-ja, launin tafin hannun 'yar. Ku ci abinku, 'yan nan. Ita ce ba ta ci ba."

Wata rana ƙanwata ta tambaya ko matar ta yi laifi. Iya ta ce kowa ya tafi ɗakin uwarsa.

Na girma ina noman rani a filin nan namu. Wani malamin gona ya taɓa gaya mana cewa asalin karas daga wasu ƙasashe masu duwatsu ne can gabas, launinsa shunayya da rawaya, manoma ne suka yi ta zaɓe suna haɗa iri har aka samu launin da muka sani. Na ce a raina ashe rabin maganar tsohuwa gaskiya ne.

Sauran rabin sai bayan rasuwar Iya Baba ya faɗa mini, muna zaune a kan ɗingar da ke tare ruwa a gona. Shekarar fari, kafin ruwan madatsa ya iso mana, Iya ta ɓoye damin geron iri a rufin ɗaki ta hana kowa taɓawa. Da shi gidan ya tashi da damina ta faɗi. Baba yana da yaya mace, ita ba ta ga daminar ba.

Yanzu in na buɗe gwangwanin iri a bakin fegi, nakan tuna cewa kafin ƙwayar ta zo hannuna wani ya hana bakinsa, ko ya hana bakin da ya fi nasa ciwo. Har yau na kasa cewa Iya ta yi daidai, na kasa cewa ta yi kuskure, tunda geron nan ne ya raya ubana. Baba ya ce sunan yayar tasa Ladidi. Shekarun da na yi a gaban murhun nan, ban taɓa jin sunan a bakin Iya ba.