Yadda Na-biya Ya Biya

A layin da shagonsa yake, kowa Na-biya yake kiransa. Sana'arsa gyaran kujerun kushin. A kawo masa kujerar da ta gaji da zama, soso ya lotse, yadi ya yage, ya kware ta tas ya mayar da ita kamar yau aka fito da ita daga kanti. Hannunsa na da kyau, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ya shaida. Sunan kuwa a wurin mai shayi ya samo shi. Da an gama sha an fara laluben aljihu, sai ka ji muryarsa daga ƙarshen benci: "Ku bar shi, na biya." Akwai wani mai faci da ke cewa ranar da Na-biya ya zo, ƙwai uku yake sa a soya masa, ranar da bai zo ba kuwa ko ruwan zafi sai ya yi ciniki.

Ba ya caca, ba ya shaye-shaye. Kalmar "babu" ce kawai ta fi ƙarfin bakinsa. Sabuwar waya ta fito, ya canja tasa. Babur ya karɓa a biya kaɗan-kaɗan, alhali daga gidansa zuwa shago ko tsohuwa ba za ta yi haki ba. Kullum ya dawo da leda a hannu, yaransa uku na rige-rigen tarbarsa. Babbarsu mace ce, ita yake kira Lauya saboda bakinta. Idan tana son abu, sai ta jero masa dalilai har ya ɗaga hannu yana dariya ya ce ta ci shari'a.

Kuɗin duk wannan ba nasa ba ne. Mai aiki zai ba shi kafin alƙalami don ya sayi soso da yadi, kafin kwana biyu kuɗin sun bi iska. Sai ya je wurin Alhaji mai soso, wanda ke sayar wa masu kujeru kayan aiki, ya ɗauko bashi. Idan wani aikin ya shigo, ya yanki wani abu ya kai wa Alhaji, ya ɗauko wanda ya fi na baya. Ga mai babur, ga mai gidan haya, ga mai kantin unguwa. Kowa yana bin sa, kowa kuma yana tsammanin shi kaɗai ne.

Asirinsa ya tonu ne a kan kujerun wata malamar makaranta. Ta biya fiye da rabi, ya yi ta ja mata rai da gobe da jibi. Ranar da ta gaji ta zo da motar ɗaukar kaya, ta tarar da kujerunta tsirara, katako da waya kawai, an jingine su a bango. Da ta yi masa ihu da ya fi masa sauƙi. Kallon kujerun ta yi, ta kalle shi, ta ce, "Malam, da ka ce mini ba ka da hali, ai da na jira." Ta sa aka loda mata katakonta a gaban duk masu shagunan layin.

Labari ya kai kunnen Alhaji, ya aiko ya zo.

"Zan iya sa a ɗauko keken ɗinkinka yanzu," in ji Alhaji. "To in na ɗauka, da me za ka biya ni? Daga yau kaya kuɗi hannu. Tsohon bashi kuma duk ƙarshen mako ka kawo abin da ya samu, ko yaya yake. Amma kada ka kuskura mako ya wuce ban gan ka ba."

Matarsa mai kitso ce, a tsakar gida take aikinta. Washegari da safe, bayan yara sun tafi makaranta, ya zauna a kan 'yar kujerar da masu kitso ke zama ya faɗa mata komai. Yana lissafo masu bin sa, tana tsefe gashin da ya maƙale a mataji har ya kai ƙarshe.

"Shi ke nan, ko da saura?"

"Shi ke nan."

"Baban yara, ashe naman da muke ci duk na mutane ne."

Ta tashi ta shiga kicin ta fito da gwangwanayen madara huɗu da ta wanke ta ajiye. Ta jera su a kan tebur. Ɗaya na abinci, ɗaya na haya da wuta, ɗaya na makaranta, na ƙarshe na bashi. Duk abin da ya samu a shago, da abin da ta samu a kitso, a zube a tebur da yamma a raba. Abin da ba shi da gwangwani ba a sayensa.

Da farko abin ya zo masa kamar an ɗaure shi. Ya mayar da babur, ya koma tafiya a ƙasa. Ya sayar da babbar waya ya sayi ƙarama mai tocila. Abincin rana daga gida yake tafiya da shi a kula. Wurin mai shayi kuwa sai da ya canja hanya, don ya san idan ya zauna bakinsa zai riga hankalinsa. Guntayen soso da yake zubarwa a da ya fara tarawa yana yin matasan kai yana sayarwa. Kuɗin mai aiki kuma ba ya kwana a aljihunsa, a ranar yake sayen kayan aikin. Abokan benci suka yi ta tsokanarsa na ɗan lokaci, mai faci ya ce a canja masa suna zuwa Ku-biya. Daga baya suka daina tsokanar, gaisuwar ma ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Mai kanti ya fara fita daga lissafi, sai mai gida, sai malamar nan, wadda ya kai wa kuɗinta har makaranta. Ya ɗanɗana daɗin tafiya a layi ba tare da leƙen wa ke tahowa ba, kuma daɗin ya shige shi fiye da kima. Mutumin da bai iya cewa babu ba ya wayi gari ba shi da wata kalma sai ita. Ya bi ɗakuna yana kashe ƙwan wuta. Ya san inda sukari ya tsaya a kwalba. Idan yaro ya buɗe baki, kafin ya ƙarasa ya ji amsa: "Ba shi da gwangwani." Matar ta sha ce masa, "Ni fa tsari na kawo, ban ce ka zama ɗan sanda ba." Ya ce ita ba ta san kunyar da ya sha ba.

Wata ranar yamma yana kan rabon kuɗi, ciniki bai yi kyau ba a makon, Lauya ta zo ta tsaya a gefen tebur.

"Baba, ba na ganin rubutun allo sosai. Malaminmu ya ce a kai ni a duba idona."

Bai ɗago kai ba. "Ki koma bencin gaba."

"Ai dogaye ba a barinsu a gaba, Baba. Kuma ko na..."

"Lauya, yau ba ranar shari'a ba ce. Kina ganin abin da nake yi."

Ta tsaya kaɗan, ta juya. A ransa ya ce idan wata ya yi zai duba maganar. Wata ya yi, wani ya biyo, ita ba ta sake tayarwa ba, shi kuma ya ɗauka abin ya wuce. Uwar ma ta tambaye ta sau ɗaya, yarinyar ta ce idon ya yi sauƙi.

Sakamakonta ya fara sauka. Yarinyar da ba ta wuce na uku ba ta koma can ƙasa. Ya yi faɗa, ya ce wasa ta sa a gaba, ana zuba kuɗi a gwangwaninta tana zubarwa. Ta saurara kanta a sunkuye. Da ta faɗi jarrabawar ƙarshen shekara karo na biyu, ita da kanta ta ce a bar ta ta zauna ta taya Mama kitso, kanta ba ya ɗaukar karatu. Uwar ta yi kuka. Shi ya yi 'yar magana ta uba, amma can ƙasan zuciyarsa wani sanyi ya ji, domin abin da zai ragu a na makaranta zai koma na bashi. Wannan sanyin shi ne abin da har yau bai iya yafe wa kansa ba.

Sai da aka shekara huɗu kafin ya kai wa Alhaji cikon ƙarshe. Alhaji ya miƙe ya ba shi hannu, ya ce da duk masu cin bashi haka suke da bai yi furfura da wuri ba. Na-biya ya fito jiki ba nauyi, ya tsaya ya sayi kaza sukutum. A bakin babban titi ya hango Lauya a ɗaya ɓangaren, an aike ta sayen zare. Ya ɗaga ledar sama yana yi mata hannu, yana washe baki. Ta kalli inda yake sosai, ta wuce abinta.

Ya iso gida ransa a ɓace. "Yanzu har na kai ki gan ni a titi ki ɗauke kai?"

"Wallahi ban gan ka ba, Baba."

"Ido cikin ido fa!"

"Ni daga nan zuwa ƙofa ba na gane fuska. Da murya nake gane mutum, ko da tafiyarsa."

"Tun yaushe?"

Ta kalli uwarta, ta kalli ƙasa. "Tun lokacin nan da na faɗa maka."

An dafa kazar, ƙannenta suka ci suna santi. Shi kuwa ya ture nasa kwanon gefe.

A asibitin ido, likita ya sa ta karanta haruffa a bango, ta tsaya a layi na biyu. Ya ce tabarau zai gyara idon dama, na hagun kuwa ya yi rauni, da an zo tun da wuri da an taimaka masa. Na-biya ya tambayi kuɗin tabarau. Da aka faɗa masa, sai ya nemi wuri ya zauna. Bai kai ladan gyaran kujera ɗaya ba.

A hanyar dawowa ta riƙa karanta allunan shaguna a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gaisawa da mutanen da ta daɗe ba ta gani ba. Ya ce gobe za su je a mayar da ita makaranta, ko wacce take so, ko nawa ne. Ta ce 'yan ajinsu sun yi nisa, ba za ta iya zama da sa'o'in ƙannenta ba, kuma ta saba da kitson. Ya roƙa, uwar ta roƙa, ba ta yi gardama da kowa ba, ba ta kuma koma ba.

Yanzu furfura ta cika masa kai. Ba mai bin sa ko sisi, shagon ya ƙaru da keke na biyu, ƙannen Lauya duk sun yi karatu mai zurfi. Idan matasan layin suka zo neman shawara a kan bashi, yakan gaya musu yadda ake raba kuɗi, yadda ake guje wa bencin da ke cin aljihu. Sai ya ƙara da cewa idan yaro ya zo da magana a ajiye lissafi a saurare shi. Ba ya faɗin dalili, su ma ba sa tambaya.

Lauya ta yi aure, tana da nata shagon kitso a wata unguwa, mata na layi a wurinta. Takan zo gida duk bayan mako biyu da 'yar tsarabarta, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi ciwon bayansa. Sau da yawa ya shirya maganar da zai yi mata, idan ta zauna a gabansa sai ya ji kansa yana tambayar yaya kasuwa. Zuwanta na baya-bayan nan ya raka ta har tasha, ya faki idonta ya biya mata kuɗin mota, ya ƙara da wani abu a jakarta. Da ta gane, ta yi godiya har da addu'a. Da ya dawo gida da yamma, matarsa ta miƙo masa kuɗin a ninke, ta ce wani direba ne ya kawo, wai Lauya ta ce a ba Baba, kada ya takura kansa.