Burushin da Ba Ya Taɓa Ƙasa

Duk layin shagunan nan goma sha huɗu, babu mai kiransa da wani suna sai Baba Burushi. Shekara ashirin da uku yana wanke musu gilashin tagogi, daga na tela a bakin kwana har na mai sayar da tabarau a can ƙarshe, kuma ba a taɓa samun wanda ya ga burushinsa a ƙasa ba. Ko takalmi zai gyara, sai ya rataye shi tukuna a wata ƙugiya da ya ɗinke a ɗamararsa.

Bokiti biyu yake yawo da su, ɗaya na gilashi, ɗaya na burushi, kuma kada ka kuskura ka haɗa masa su. Da ya gama taga ɗaya sai ya tsoma burushin a na biyun, ya girgiza, ya matse, sannan ya bi gashinsa da yatsa layi-layi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. A cewarsa, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta yi wa gilashi zanen da ba ya goguwa, kuma mai wanki da burushi mai datti ba wanki yake ba, datti kawai yake canza wa wurin zama.

Tela, wanda bakinsa ba ya hutawa kamar kekensa, yakan leƙo ya ce, "Baba, wannan ɗan autan naka fa ya fi ka yin wanka."

"Shi yake ciyar da ni. Kai me ka taɓa ba ni ban da surutu?"

To amma akwai abin da layin bai sani ba. Shekara biyu ke nan idon Baba ya fara yaudararsa. Komai ya zama hazo-hazo, har ta kai ba ya iya bambance tagar da ya wanke da wadda bai wanke ba. Matarsa kaɗai ta sani, ita ma don ta kama shi wata safiya yana gaishe da babbar rigarsa da ke rataye a bayan ƙofa, har da tambayarta mutanen gida.

"Malam, ka je wurin matar nan mai tabarau ta duba ka mana."

"Ita ce ma wadda na fi tsoro. Ta sani yau, gobe layi ya sani. Wa zai riƙe mai wankin gilashin da ba ya ganin gilashi?"

Tsoro yake ji na gaske, don bai iya wata sana'a ba, bai kuma iya zaman gida ba. Sai ya ɗora komai a kan burushin. Da can sai ruwa ya canza launi yake zubarwa, yanzu ƙirga yake yi: taga uku, sabon ruwa. Yatsunsa suka karɓi aikin idonsa, kunnensa na sauraren ko zai ji ƙarar yashi a jikin gilashi. Lissafinsa shi ne, in burushi na da tsabta, kuma hannu ya bi ko'ina sau biyu, taga ba ta da dalilin ƙin fita.

Asirin ya tonu wata Talata. Ashe jiya da yamma wani mai dakon katako ya tsaga gilashin tagar mai tabarau, masu gyara suka cire shi ɗungurungum, suka ce sai da rana za su kawo sabo. Baba ya iso da sassafe, ya ajiye bokitansa, ya tsoma burushi ya sha kumfa, ya ɗaga hannu da ƙarfinsa na kullum. Hannu ya wuce zuruf. Kumfa ta tafi kai tsaye fuskar matar da ke zaune a teburinta, burushin kuma ya kuɓuce ya bi bayan kumfar.

Baba ya tsaya kamar an dasa shi.

"Bai taɓa ƙasa ba, Baba," in ji ta daga ciki, tana goge ido da gefen mayafi. "Na cafe shi. Shigo ta ƙofa, ba ta taga ba."

Ya shiga yana jiran sallama. Sai ta miƙa masa burushinsa, ta zaunar da shi a kujerar gwaji, ta shiga ɗora masa gilasai tana sauyawa.

"'Yata, kin ga dai abin da ya faru. Ba sai kin faɗa ba."

"Tun bara na gani. Kullum sai ka gaishe da kan robar nan da nake ɗora wa tabarau, ni kuma in amsa maka daga baya."

"Shi ne ba ki yi magana ba?"

"Tagata ba ta taɓa kawo ƙararka ba. Wannan ya fi, ko na ɗazu?"

Ta ce dole ya ga likitan ido, amma ya riƙe wannan tabarau kafin nan. Ya fito da tabarau a hanci, duniya ta dawo masa tar, har furfurar tela ya hango daga nan. Sai dai bai yi murna ba tukuna, don yanzu ne zai ga aikin da ya yi shekara biyu yana yi a makance.

Ya bi layin a hankali, taga bayan taga. Ya duƙa ya duba ƙasan kowacce, ya karkata kai ya dubi kusurwoyi, ya koma gefe inda rana ke tona asirin mai ha'inci. Ta mai aski, ta mai magani, ta mai gyaran waya. Yana neman zane ɗaya, ko sawun kumfa, ko tabon da ya tsallake. Har ya kai kwana bai samu ba.

Tela ya leƙo zai fara, ya ga tsohon yana share ido a ƙarƙashin sabon tabarau, sai ya haɗiye maganarsa.

Baba ya zauna a dakalin shagon, ya ɗora burushin a cinyarsa, ya dube shi da kyau karo na farko cikin shekara biyu. Gashinsa ya zube a gefe guda, mariƙinsa ya lotsa daidai wurin babban yatsa, amma fes yake. Ya jawo bokiti na biyu, ya zubar da ruwan da ko amfani da shi bai yi ba, ya tafi famfo ya ɗebo masa sabo.