Hoton da Baba Ya Roƙa

Yayana mai gyaran firji ne, kuma duk layinmu babu wanda ya kai shi iya aikin. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai aski da mai sayar da tayoyi, cike da matattun firji da masu su suka manta da su. Yana kara kunne a jikin firji zai gaya maka ko kwampireso ne ya mutu ko gas ne ya tsiyaye. Shekara da shekaru yana wannan aiki, ban taɓa jin ya tambayi kowa ko ya yi daidai ba. In ruwa ya yi ƙanƙara, ai magana ta ƙare. Mutum ne shiru-shiru, ba ya zaman majalisa, ba ya shiga harkar kowa. Aibinsa ɗaya taurin kai, shi kuwa a gidanmu gado ne, ni ma ƙanwarsa ban tsira ba.

Wata rana ya dawo daga kasuwa da tsohuwar kyamara rataye a wuya. Da farko mun ji daɗin abin. Yana ɗaukar yara da dumu-dumun baki, yana ɗaukar matarsa tana shanya, yana ɗaukata ina masifa, mu taru mu yi ta dariya. Sai mai askin nan, Allah ya yafe masa, ya nuna masa wani zaure a intanet na masu ɗaukar hoto don sha'awa. Kowa ya ɗora nasa, sauran su yi sharhi, wai don a koya wa juna.

A zauren akwai wani mai kiran kansa Idon Mikiya. Ba wanda ya san fuskarsa, ba wanda ya san ko shi kansa ya iya riƙe kyamara, amma in ya yi tari sai kowa ya nutsu. Ranar farko Yaya ya ɗora hoton 'yarsa a kan keke, bakinta har kunne. Idon Mikiya ya rubuta: "Ƙasa ta karkace. Ka yanke mata ƙafa. Haske ya ƙone goshinta. Goge." Haka al'adarsu take. Duk hoton da aka ce a goge, mai shi zai cire shi daga zauren, ya kuma share shi daga katin kyamara, don suna cewa ana gane gwani ne da abin da ya iya zubarwa. Yaya ya goge hoton 'yar cikinsa, har da rubuta na gode.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya ƙware. Ya san inda haske yake faɗowa, ya daina yanke wa mutane ƙafa. Amma daga nan muka daina zama iyalinsa, muka koma kayan aiki. Sai ya ɗauki ƙeyarka, ko inuwarka a bango, ko yatsunka a kan kofi. Kana juyowa zai ce kar ka kalle ni.

"Baban yara," in ji matarsa wata rana, "ni fa tun bara ban ga fuskata a cikin abin nan ba. Ko na tsufa ne?"

"Ba ki gane ba," ya ce. "Tsayuwa a kalli kyamara ai aikin 'yan situdiyo ne."

A shago kuwa, mai firji zai tsaya a kansa yana bayanin naman da ya lalace, shi yana duƙe yana duba ko an yi masa sharhi. Mutumin da bai taɓa neman yabon kowa ba ya koma kamar ɗan makaranta mai jiran sakamako. Abu ɗaya yake nema a duniya: Idon Mikiya ya ce masa ya yi. Abin yana ƙona mini rai, na kuma faɗa masa ba sau ɗaya ba. Ya ce ba fannina ba ne.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tsohon direban babbar mota ne. A lokacin ƙafa ta riga ta ƙi, daga gado sai kujerar falo. Babban yayanmu kuma a jirgin ruwa yake aiki, ya yi shekaru bai taka gida ba. Da ya samu ɗan hutu ya zo, sai ga mu duka 'ya'yan Baba a ɗaki ɗaya, abin da rabonmu da shi tun rasuwar mahaifiyarmu. Baba ya kira Yaya, ya kama hannunsa.

"Kai mai kyamara, abu ɗaya nake roƙonka. Ku tsaya a bayana, ku duka, ka ɗauke mu. A wanke shi babba, a rataya mini inda zan riƙa gani daga gado. Wancan in ya koma ruwa, ban san ko zan sake ganinsa ba."

Da yamma muka ture kujeru gefe, aka zaunar da Baba a tsakiya da sandarsa. Na ciro wayata zan miƙa wa matar Yaya ta ɗauke mu ita ma, sai ya daka mini tsawa.

"Mayar da wayar nan! In kowa ya ɗaga waya, idanu rabuwa suke yi. Ni zan ɗauka, in tura wa kowa."

Na mayar. Ya yi ta rarrafe a ƙasa yana ɗaukar abin da ba wanda ya aike shi: takalman da ke bakin ƙofa, labule, hannun Baba a kan sanda. Sai da Baba ya ce, "Kai, bayana ya gaji," sannan ya dasa kyamarar a kan tebur, ya danna, ya rugo ya tsaya a gefena. Sau ɗaya tak. Na leƙa bayan kyamarar na gani da idona. Ɗankwalina ya zame, babban yaya ya rufe ido ɗaya, taga ta yi fari fat a bayanmu. Baba kuwa yana dariya, irin wadda ta daɗe ba ta zo masa ba. Washegari babban yaya ya tafi.

Mako ya wuce, babu hoto. Kullum na kai wa Baba abinci sai ya tambaya. Na gaji, na je shagon. Na tarar da Yaya zaune a kan wani mataccen firji, fuskarsa kamar an yi masa albishir da gidan aljanna. Ya miƙo mini waya. Hoton hannun Baba ne a kan sanda, jijiyoyi sun fito, haske ya kwanta a kai. Yana da kyau, ban musa ba. A ƙasa 'yan zaure sun yi ta zuba yabo, Idon Mikiya kuma ya rubuta: "Yanzu ka fara gani. Ya yi."

"Madalla," na ce. "Ina namu?"

Ya hau goge hannu da tsumma, alhali hannun ba datti.

"Yaya, ina hoton da Baba ya ce?"

"Shi ma na ɗora. Sun ce taga ta cinye shi. Sun ce mun jeru kamar waɗanda aka kama. Wani har tambaya ya yi ko da wayar aro na ɗauka."

"Sai aka yi yaya?"

"Idon Mikiya ya ce in goge."

Ban taɓa zagin yayana ba sai ranar. Mai tayoyi ne ya shigo ya ba ni haƙuri. Mun kai katin wurin masu gyaran waya, suka duba, suka ce ya riga ya ɗauki wasu hotunan a kai, ihu ne bayan hari. Yaya ya rubuta a zauren yana tambaya ko akwai wanda ya ajiye. Mutum ɗaya ne ya amsa, ya ce masa kar ya damu, ba a yi asarar komai ba.

Duk da haka bai saduda ba. A ransa, tunda gwanaye sun yaba, dole Baba ya yaba. Ya kai hoton hannun aka wanke shi ƙato, aka sa masa firam mai gilashi, ya rungumo shi zuwa ɗakin Baba. Ina wurin, ina ninke kaya. Baba ya sa na tayar da shi zaune, ya sa tabarau, ya ɗora firam ɗin a cinya. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya juya bayan firam ɗin ko akwai wani a can.

"Ina kuke?" ya ce.

"Baba, wancan bai yi kyau ba. Wannan kuwa mutane da yawa sun yaba, har wanda ba ya yabon kowa."

"Su waye?"

"Abokaina ne, a waya."

"Sun san ni?"

Baba ya cire tabarau, ya ninke a hankali, ya tura firam ɗin zuwa gefen gado. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da abin ya fi sauƙi.

"Ɗauke abinka, ɗana. Hannuna kullum yana nan tare da ni, ina ganinsa. Ku ne ba na gani."

Ya ce in kwantar da shi, ya juya fuskarsa bango. Babban yaya bai sake samun hutu ba sai na ta'aziyya.