Larabar da Muka Zauna Auna Zuciyar Mamaci

Ko zan manta komai na aikin koyarwa, ba zan manta da Larabar da sashenmu na tarihi ya zauna kan tabbatar wa Malama Rabi aikinta ba. Ku sababbin shiga, bari in yi muku bayani. A kwalejinmu a nan Daura, duk wanda aka ɗauka koyarwa sai ya yi shekara biyu na gwaji, sannan ya rubuta muƙala ya karanta a gaban kwamiti. In sun sa hannu ya zama ɗan gida. In sun ƙi, ya ƙara shekara, ba ƙarin girma, ba izinin ƙaro karatu. Ni ne sakataren kwamitin a lokacin, wato mai biro, ba ni da ƙuri'a.

Malama Rabi 'yar Baure ce, kuma ta riga ta samu gurbin digiri na biyu a jami'a. Gurbin na wannan shekarar ne kawai, kuma kwaleji ba za ta sake ta ba sai an tabbatar da ita. Da ta zo an ɗora mata darasin tarihin Amurka saboda kowa ya guje shi. Ita kuwa baiwar Allah sai ta ɗauka da gaske ake, ta zauna ta karanta. A nan ta fara yin laifi.

Muƙalarta a kan 'yan Mormon ce, wata ɗariƙa da ta ɓulla a Amurka a ƙarni na sha tara. Wanda ya kafa ta ya ce wahayi ake yi masa, ya auri mata da yawa, da farko ma a ɓoye. Daga baya gwamnati ta matsa musu lamba suka bar al'adar. Tambayar Malama Rabi ita ce, me ya sa suka fara? Ta kawo abin da masana tarihi ke jayayya a kai. Wasu sun ce sha'awa ce aka sa mata rigar addini. Wasu sun ce mutumin ya yarda har zuciyarsa umarni yake bi, yana koyi da mutanen da. Wasu sun ce dabara ce ta ƙulla gidajen manyan mabiya da yawaita zuriya. Batun tallafa wa zawarawa kuwa, ta ce an sha faɗa amma shaidarsa ba ta da ƙarfi. Ta rufe da cewa hujjojin sun cuɗe, ba guda da ta kori sauran.

Ba ta gama zama ba Malam Sule, mutumin Dutsi, ya miƙe. Shi ne mai gyara wa kowa addini a sashen, har da limaminmu.

"Malama, wannan dogon turanci na mene ne? Mutum ya yi da'awar wahayi, ke kuma kina cewa wai ƙila da gaske ya yarda? Wanke shi za ki yi? Sha'awa ce, ki rubuta haka mu tashi."

Sai Malam Habu, wanda a iya sanina bai taɓa buɗe baki a taro ba sai wajen rabon lemo, ya buga tebur. Gidansa mata uku ne.

"A'a, dakata Malam Sule! Wato duk wanda ya ƙara aure sha'awa ce ke nan? Ai wannan shi ne abin da Turawa ke faɗa a kanmu. Malama, ki cire kalmar nan gaba ɗaya."

"Ni ban ce kai ba."

"To me ya sa kake kallona?"

Wallahi daga nan ba wanda ya sake tuna Amurka. Malam Sule yana so a kama mutumin da laifi don kada a ce mun gaskata shi. Malam Habu yana so a sake shi don kada igiyar ta kai gidansa. Mutumin da ya mutu tun kafin a haifi kakanninmu, ga shi manyan malamai biyu suna rantsuwa sun san abin da ke ransa. Ni dai ina ta rubutu, don an ce aikina ke nan. Malama Rabi ta fasa zama, tana tsaye riƙe da takardunta, ba wanda ya tambaye ta ko littafi ɗaya da ta duba.

Shugaban sashe, Dakta Mamman, wanda kwafinsa na muƙalar ko lanƙwasa bai yi ba, ya gyara murya.

"Malama Rabi, ki taimake mu. Kalma ɗaya muke so. Sha'awa ce ko imani?"

Na dube ta ina roƙon Allah ta yi ƙarya, ko wace iri. Ta ce, "Ranka ya daɗe, takardu suna nuna abin da mutum ya faɗa da abin da ya aikata, na kuma kawo su. Amma niyya, ko ta mai rai da ke zaune a gabana ban isa in rantse a kanta ba, balle ta mamaci."

Kowane namiji a ɗakin ya ji da shi ake. Dakta Mamman ya shiga gyara hula. Malam Sule da Malam Habu, da tun safe kamar za su cinye juna, nan take suka zama 'yan uwa. Aka ce ta ɗan jira a waje, ba a kuma daɗe ba aka gama: muƙala ba ta da matsaya, a sake wata baɗi. Na ce, "Ranka ya daɗe, gurbinta fa zai wuce." Ya ce, "Malam Lawal, kai rubutu aka ce ka yi." Ni na fita na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ta ce na gode, kuma wannan godiyar ta fi kuka ci mini rai.

Gurbin ya wuce. Da shekara ta zagayo ta kawo muƙala kan rijiyar Kusugu, abin da ko ɗan firamare a garin nan ya haddace. Aka tafa mata, Malam Sule har da cewa yanzu ta zama cikakkiyar malamar tarihi.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan muna da jarumtar tone zuciyar kowane mamaci, in dai ba za a biyo ta gidajenmu ba. Malama Rabi tana nan, ofis ɗinta na kusa da nawa, har an ba ta muƙami. Tun daga ranar ban sake jin ta yi tambaya a taro ba, kuma kowa yana yabon hankalinta.