Maƙabartar da Aka Ce Titi Zai Bi

A shekarun da kuɗin mai ya ruɗa kowa, masu awo suka zo Ƙanƙara da niyyar gyara gari. Za a buɗe manyan tituna, a yi magudanan ruwa, a tada sabuwar kasuwa. Lokacin ina ɗinki a bakin tasha, na yi murna har da tunanin sayen keken ɗinki na biyu.

Sai ga turakunsu sun ratsa tsakiyar tsohuwar maƙabartarmu. Aka yi shela cewa an hana binne kowa a can, tunda titi zai bi ta kai. Aka yanka wani fili a bayan gari, ta hanyar Pauwa, aka ce nan ce sabuwa.

Mahaifiyata tana kwance a tsohuwar, gindin wata tsamiya. Baba kuwa ya daɗe da nuna mini gefenta.

"Nan za ka sa ni," ya ce. "Ban son tahiya nesa."

Tsofaffin da ke zama ƙofar masallacinmu suka mai da abin wasa. Kowa na tsokanar ɗan'uwansa wai shi zai buɗe sabon wuri. Baba yakan yi dariya tare da su, amma in ya shigo gida sai ya tambaye ni ko motocin aikin sun iso. So yake a yi ta ta ƙare, ko a yi titin ya haƙura, ko a fasa.

Ba a yi ba, ba a fasa ba. An zube tsakuwa a bakin hanya, awaki suka mai da ita wurin shan hantsi. Duk wanda ka tambaya sai ya ce bayan damina.

Cikin wannan jira Baba ya rasu. Na je wurin mai unguwa na roƙi ya bari a binne shi a tsohuwar, ya sunkuyar da kai.

"Ɗana, doka ba ta tashi ba. In na bari, gobe katafila ta tone shi."

Muka ɗauke shi zuwa bayan gari. Ba bango, ba itace, sai sabara. Ƙasar ta yi tauri, har masu haƙa suka riƙa karɓa-karɓa. Da muka juyo na waiwaya, na ga tudu ɗaya tak a fili fetal, sai na ji kamar mun yar da shi ne.

Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce an janye dokar. Gara ta cinye turakun, wata rana wani gida suka kai mamacinsu tsohuwar, ba a ce musu komai ba, sai kowa ya bi. 'Yan kaɗan da aka kai bayan gari aka bar su can.

Har yau abin na ci mini rai. Bara na raka gawar wani maƙwabci tsohuwar maƙabarta. Aka yi ta neman wuri saboda cika, sai mai haƙa ya hango fili gindin tsamiya. Ina tsaye ina kallo aka sa shi a gefen mahaifiyata, ni ma na zuba ƙasa.